Yawon wasan golf mai sauƙin kuɗi a gabar tekun Scotland

Yawon wasan golf mai sauƙin kuɗi a gabar tekun Scotland tafiya ce da masu sha'awar golf suke shiryawa domin su yi wasa a filayen bakin teku na ƙasar ba tare da sun ƙarar da guzurinsu a filaye biyu ko uku masu suna ba. Golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ana bin ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. A Scotland, ɗaya daga cikin ƙasashe huɗu da suka haɗa Birtaniya, wasan ya samu siffar da aka san shi da ita a yau. Ƙasar tana da filayen golf fiye da 550, ga jama'a kimanin miliyan biyar da rabi.

Zaɓen fili shi ne ginshiƙin irin wannan tafiya, saboda tazarar farashi tana da faɗi ƙwarai. A shekarar 2025 filin Ailsa da ke Turnberry ya kai fam 1,000 ga baƙon da bai sauka a otal ɗinsu ba, idan zai yi wasa da safe a tsakiyar bazara. 'Yan kilomitoci kaɗan kudu da shi, a garin Girvan, akwai filin ƙaramar hukuma da ke kallon teku ɗaya da tsibirin dutse ɗaya, wato Ailsa Craig, kuma kuɗin shigarsa 'yan gomomin fam ne. Irin wannan maƙwabtaka ta mai tsada da mai araha ana samunta kusan ko'ina a gabar ƙasar, a kanta kuma matafiyi mai ƙaramin aljihu yake gina shirinsa.

Ma'anar links

Filayen da ake zuwa dominsu ana kiran su links. Tsohuwar kalma ce da ke nufin ƙasa mai yashi da tuddai wadda take tsakanin bakin teku da gonaki. Ba ta yin noma, don haka mutanen da suka bar ta ga tumaki da zomaye, da shanyar kaya, da wasannin 'yan gari. Ciyawarta siririya ce mai jure iska da gishiri. Ruwan sama ba ya kwanciya a kanta, yashi yana shanye shi nan da nan, shi ya sa ƙasar take da tauri, ƙwallo kuma tana gudu a kanta bayan ta sauka. Itatuwa ba su cika fitowa ba. Abin da ke hana ɗan wasa sakat shi ne iska, da kwarmin yashi masu zurfi, da wata ƙaya mai furen rawaya da ke haɗiye ƙwallo.

Irin wannan ƙasa ba ta da yawa a duniya. Littafin True Links na George Peper da Malcolm Campbell, wanda ya fito a 2010, ya ƙirga filaye 246 kacal a duk duniya da suka cancanci sunan, mafi yawansu a Birtaniya da Ireland. Abin lura ga mai neman sauƙi shi ne, zirin yashin gari guda yakan ɗauki filaye biyu, uku, har shida. Wanda ya yi suna da wanda ba a san shi ba duk a kan ƙasa ɗaya suke, iska ɗaya ke kaɗa su.

Yadda filayen suka kasance na jama'a

Ambaton golf mafi daɗewa a rubuce a Scotland haramci ne. A 1457 majalisar Sarki James na biyu ta hana golf da ƙwallon ƙafa, saboda suna shagaltar da maza daga koyon harbin baka. A 1552 wata takardar yarjejeniya ta bai wa Akbishop John Hamilton izinin kiwon zomaye a links na St Andrews, ta kuma tabbatar da 'yancin mutanen gari na yin golf a wurin. A 1744 aka rubuta dokokin wasan na farko a Leith, guda 13, sannan a 1764 aka rage ramukan St Andrews daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi daga baya.

Filin St Andrews ya taɓa fita daga hannun gari. A 1797 majalisar garin ta sayar da shi saboda bashi, masu kiwon zomaye suka shiga, aka yi ta shari'a da 'yan golf har 1821. Dokar 1894 ta mayar da shi hannun gari, kuma tun 1974 wata hukumar amintattu mai suna St Andrews Links Trust take kula da shi bisa dokar majalisa. Wannan tarihi ya sa golf a Scotland bai zama na masu hali kaɗai ba kamar yadda ya zama a ƙasashe da dama. Ko kulob-kulob masu zaman kansu, kusan dukkansu suna karɓar baƙi a wasu ranaku, kuɗin baƙi ma shi ne ke rage wa 'yan kulob nauyin kuɗin shekara.

Abin da ke sa farashi

Babban abin da ke ɗaga kuɗin fili shi ne gasar Open, wadda aka fara a Prestwick a 1860. Duk filin da ya taɓa karɓar ta a zamanin talabijin, kamar Old Course na St Andrews, Carnoustie, Muirfield, Royal Troon da Turnberry, kuɗinsa a bazara ɗaruruwan fam ne. Bayan su sai filayen da mujallun golf suke sakawa a jerin ɗari mafi kyau a duniya, irin su Royal Dornoch da North Berwick, da sababbin filayen da aka gina tun farko domin baƙi, kamar Kingsbarns da aka buɗe a 2000. Da yawa daga cikin masu cika waɗannan wurare baƙi ne daga Amurka da suka biya kamfanin shirya tafiya tun shekara guda kafin zuwansu.

Ƙasa da waɗannan akwai kulob-kulob na garuruwa, waɗanda da yawansu mutanen da suka tsara manyan filayen ne suka tsara su, musamman Old Tom Morris da James Braid. Can ƙasa kuma sai filayen ƙananan hukumomi da masu ramuka tara. Gaskiya ne manyan filayen sun fi tsawo, sun fi gyara, sun kuma fi wuya. Amma ga matsakaicin ɗan wasa wuyar ba lallai ta zama abin so ba. Wanda ya biya fam ɗari uku ya kwashe awa huɗu yana neman ƙwallo cikin ƙaya a Carnoustie bai fi wanda ya yi wasa cikin nutsuwa a filin da ke gefensa morewa ba. Tsarin da masu tafiya da ƙaramin kuɗi suka fi bi shi ne su zaɓi yanki ɗaya, su yi zamansu a masauki ɗaya, su ware kuɗin fili mai suna guda ɗaya idan suna so, sauran kwanakin su cika su da maƙwabtansa.

St Andrews da gabar Fife

St Andrews ne wurin da kowa yake fara tambaya, kuma duk da sunansa, yana cikin wuraren da suka fi dacewa da mai lissafi. Filaye shida ne a jere a kan yashin garin. Old Course shi ne tsohon, kuɗinsa a bazara ya haura fam 300 a 'yan shekarun nan. New Course, wanda Old Tom Morris ya tsara a 1895, yana manne da shi, kuɗinsa bai kai rabin na tsohon ba, kuma 'yan gari da dama ba sa ganin ya gaza shi a wajen gwada gwanintar ɗan wasa. Jubilee an buɗe shi a 1897 domin bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan mulki. Shi ya fi kusa da teku, da yawa kuma suna cewa shi ya fi wuya. Eden na 1914, aikin Harry Colt, ya fi su araha nesa ba kusa ba, sai Strathtyrum da Balgove mai ramuka tara, waɗanda suka dace da masu koyo da yara. Filin Castle na 2008 yana kan gaɓar dutse a wajen gari, ƙasarsa ba yashin links ba ce, kuma yana da tsada.

Akwai hanyoyin shiga Old Course ba tare da kamfanin tafiya ba. Sanannar ita ce ƙuri'a da ake jefawa kwana biyu kafin ranar wasa. 'Yan wasa biyu zuwa huɗu suke shigar da sunayensu tare, babu kuɗin shiga ƙuri'ar, wanda sunansa ya fito sai ya biya kuɗin fili na yau da kullum. A da, mai zuwa shi kaɗai yakan kwana a layi a bakin rumfar fara wasa yana jiran gurbi. A 2024 aka daina wannan, aka koma ƙuri'ar kwamfuta ta masu zuwa su kaɗai. Ana neman shaidar handikaf, wato lambar da ke nuna matsayin gwanintar ɗan wasa, wadda ba ta wuce 36 ba. Ƙuri'a dai sa'a ce, a watannin Yuli da Agusta masu nema sun ninka gurabe. Saboda haka wanda ya sa rai da ita yakan zauna a yankin kwana uku ko huɗu, ya shiga kullum, ya kuma bar ranakunsa a sake, domin fili mai tsada da aka riga aka biya ba a cika mayar da kuɗinsa ba idan ƙuri'a ta faɗo a rana ɗaya da shi.

Ranar Lahadi ba a wasa a Old Course, sai idan akwai babbar gasa. Filin yakan koma wurin shan iska, iyalai da karnuka suna yawo a kansa, kowa yana iya taka gadar Swilcan ya ɗauki hoto kyauta. A gefensa akwai Himalayas, dandalin gangara ƙwallo na ƙungiyar matan garin da aka kafa a 1867, inda ake shiga da 'yan fam kaɗan.

Kudu da St Andrews akwai garuruwan masunta a jere, kowanne da filinsa. Kulob ɗin Crail an kafa shi a 1786, filinsa na Balcomie gajere ne, teku tana gefen ɗan wasa a ramuka da yawa. A Elie mai ba da izinin fara wasa yana leƙa bayan tudu da madubin hange da aka ciro daga jirgin ruwan yaƙi mai nutso, HMS Excalibur, domin ya ga ko waɗanda ke gaba sun wuce. Crail da Elie sun yi tsada tun da baƙi suka gano su. Anstruther mai ramuka tara, da Leven da Lundin waɗanda fili ɗaya ne a da kafin a raba su a 1909, da Kinghorn na hukuma, su ne suka fi sauƙi. Jirgin ƙasa ba ya shiga St Andrews, a Leuchars ake sauka a hau bas.

East Lothian da Angus

Gabas da Edinburgh, gabar East Lothian tana da filaye kusa da juna har mutum yana iya ganin ɗaya daga kan ɗaya. Muirfield yana karɓar baƙi ranakun Talata da Alhamis kawai, gurabensa kuma suna ƙarewa tun da wuri. A ƙauyen Gullane filaye uku ne a kan tudu ɗaya, an sa musu lamba 1, 2 da 3, farashi kuma yana sauka yadda lambar take hawa. Na biyu da na uku suna da ciyawa da hangen teku irin na farkon. A North Berwick filin yamma ne mai suna da tsada, na gabas da ake kira Glen yana kallon dutsen Bass Rock da kuɗi kaɗan.

Musselburgh Old Links ya cancanci a tsaya a kansa. Ramuka tara ne a tsakiyar filin sukuwar dawaki, ya karɓi gasar Open sau shida tsakanin 1874 da 1889, kuma akwai shaidar an yi golf a wurin tun 1672. Faɗin ramin golf na yau, inci huɗu da kwata, daga na'urar haƙa rami ta Musselburgh aka ɗauke shi. Ana ba da hayar sandunan katako irin na da ga mai son ya gwada wasan yadda aka yi shi a ƙarni na 19. Babu wata hanya da ta fi wannan araha ta yin wasa a filin da ya taɓa karɓar Open.

A Angus, arewa da Dundee, Carnoustie ya karɓi Open sau takwas, na baya-bayan nan a 2018. Yana da ƙanne biyu, Burnside da Buddon, kuma akan sayar da tikitin haɗaka na filayen. A Burnside ne Ben Hogan ya yi wasan neman cancanta a 1953, shekarar da ya lashe gasar. Monifieth, Arbroath da Montrose duk suna kan layin dogo ɗaya da Carnoustie.

Ayrshire, arewa da tsibirai

Ayrshire, kudu maso yamma da Glasgow, shi ne yankin da mara mota ya fi samun sauƙi, domin jirgin ƙasa yana bi ta Irvine, Barassie, Troon da Prestwick, a wasu wuraren ma ta gefen filayen yake wucewa. Ƙaramar hukumar South Ayrshire tana da filaye uku a Troon, wato Darley, Lochgreen da Fullarton, waɗanda suke tashi daga gida ɗaya kusa da tashar jirgi. Sun ɗan ja baya daga bakin ruwa, gyaransu kuma bai kai na Royal Troon ba, amma ƙasar mai yashi ce, kuɗin kuma ɗan ƙaramin kaso ne na abin da maƙwabcinsu ke karɓa. Prestwick St Nicholas da West Kilbride suna tsakiya wajen farashi. Yamma ta fi gabas ruwan sama, wannan yana shiga lissafi.

Arewa mai nisa tana da nata tsarin. Daga Edinburgh zuwa Dornoch tafiyar kusan awa huɗu ce a mota, don haka ba a haɗa ta da Fife a mako ɗaya sai an yi asarar kwana biyu a hanya. Wanda ya je can yakan kewaye Royal Dornoch da Tain, Golspie da Brora. Brora ya yi suna da tumaki da shanun da aka daɗe ana kiwo a cikin filin, har aka kewaye dandalin kowane rami da siririyar waya mai lantarki. A gabar Moray da Aberdeenshire akwai Cullen, Hopeman da Fraserburgh, waɗanda motocin baƙi ba su cika tsayawa a cikinsu ba.

Filayen tsibirai da na zirin Kintyre suna da araha, isa gare su ne aiki. Shiskine da ke tsibirin Arran ramuka 12 ne. Askernish a South Uist, wanda Old Tom Morris ya tsara a 1891, ya ɓace cikin ciyawa shekaru masu yawa kafin a farfaɗo da shi a 2008. Dunaverty yana kusa da Machrihanish, fiye da awa uku daga Glasgow. A wasu ƙananan filaye ba a samun ma'aikaci ko ɗaya, akwati ne a bakin ƙofa, mutum ya saka kuɗinsa ya shiga. Sai dai kuɗin jirgin ruwa da soke tafiya saboda iska suna iya cinye rangwamen.

Lokacin zuwa

Farashi mafi tsada daga Mayu zuwa Satumba yake. Afrilu da Oktoba suna da rangwame, filayen kuma suna da kyau, sai dai sanyi da iska. Daga Nuwamba zuwa Maris kuɗi yakan faɗi da rabi ko fiye, kuma links ba ya yin taɓo, amma rana gajera ce, a watan Disamba tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Filaye da dama, har da Old Course, suna sa a riƙa buga ƙwallo daga kan 'yar tabarmar roba a hunturu domin kare ciyawa. A farkon bazara da kaka kuma akan huda dandalin ramuka a zuba yashi, wanda ke lalata gangarar ƙwallo na 'yan kwanaki, shi ya sa ake tambaya kafin a biya.

A watan Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. Kulob da yawa suna rage kuɗi ga wanda zai fara da la'asar, kuma a lokacin filin ba kowa, iska ma takan lafa. Akwai kuma tikitin yini, wanda ke ba mutum damar zagayawa sau biyu da ɗan ƙari kan kuɗin zagaye ɗaya. Old Course yakan kasance a rufe ga baƙi kwanaki da dama a Satumba da farkon Oktoba saboda taron kulob ɗin Royal and Ancient da gasar Dunhill Links. A Agusta bukukuwan Edinburgh suna tsauwala kuɗin masauki har zuwa East Lothian.

Kuɗaɗen da ke gefe

Sau da yawa masauki da mota sun fi kuɗin fili ci. Kwana a cikin St Andrews yana da tsada, garuruwan da ke kewaye da birnin Dundee sun fi sauƙi, jami'ar garin kuma tana ba da hayar ɗakunan ɗalibai lokacin hutun bazara. Mai ɗaukar jaka, wanda kuma yake nuna wa baƙo inda zai nufa da ƙwallo, ana biyansa dabam tare da tukuici, kuma ba dole ba ne a ɗauke shi. A ƙafa ake wasan links, zagaye ɗaya tafiyar kilomita bakwai zuwa goma ce. Motar cikin fili ba a cika bayarwa ba, a wasu wuraren sai da takardar likita. Ana iya hayar 'yar keken jan jaka da kuɗi kaɗan. Hayar sanduna kullum na mako guda takan zarce abin da jirgin sama zai karɓa na ɗaukar jakar mutum. Rangwamen da ake tallatawa a wasu filaye na mazauna Scotland ne kawai, baƙo daga waje ba ya samunsa. Matafiyi mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana yana kuma buƙatar bizar Birtaniya, wadda ya kamata ta fito kafin ya biya kuɗin filin da ba a mayarwa.

Matsalolin da filayen ke fuskanta

Tun bayan annobar korona farashin baƙi ya yi ta hawa, kuma filayen da ake kira masu araha shekara goma da suka wuce, irin su Elie, Crail da Brora, sun matsa sama. 'Yan ƙasar suna kokawa cewa ana fitar da su daga filayen da iyayensu suka yi wasa a ciki. A ɗaya ɓangaren, ƙananan hukumomi suna fama da ƙarancin kuɗi, an rufe wasu filayen hukuma a biranen ƙasar, ƙananan kulob na karkara kuma suna rayuwa ne da aikin sa-kai na membobinsu da ɗan abin da baƙi suka bari.

Teku ma tana cin nata rabon. A Montrose, inda ake golf tun ƙarni na 16, igiyar ruwa tana zaizaye tuddan yashin da ke kare filin, har an sauya wa wasu ramuka wuri. A Fortrose and Rosemarkie, wanda ke kan siririn zirin Chanonry arewa da Inverness, guguwar hunturu ta cinye gefen ramukan farko, kulob ɗin ya nemi gudummawar jama'a domin jera duwatsu a bakin ruwa.